Daga buhun semo zuwa kwanon dawa: wata goma a gidan Yaya

Wanda wannan nazari ya shafa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da izininsa nake rubutawa, bisa sharaɗin ba zan kama suna ba. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 46, yana zaune a Ɗorayi da matarsa, wadda nake kira Anti, da 'ya'ya biyar. Ni ce autarsu, aikin jinya nake yi, shi ya sa duk wata takardar asibiti ta danginmu a jakata take ƙarewa.

Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki ya fara kukan ciwon ƙeya da nauyin jiki, idan ya hau benen shagonsu sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Ya ɗora laifin a kan naman layya. Da Anti ta matsa masa ya je asibiti, ga abin da aka samu: nauyi kilo 98, tsawo mita 1.72, ƙugu santimita 112, hawan jini 152 bisa 96 a awo biyu na ranaku daban, sukarin jini kafin karin kumallo 6.6. Idan aka raba nauyinsa da tsawonsa sau tsawonsa, ma'aunin ƙiba ya ba da 33, alhali daga 30 ake kiran abin ƙiba mai illa. Ƙugun namiji kuwa daga santimita 102 ake fara jin tsoro sosai. Sukarin bai kai 7.0 da ake yanke hukuncin ciwon suga a kai ba, amma yana bakin ƙofa.

Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce ya nemi hanyar sauke kilo bakwai. Yaya ya raina adadin, ya ce shi da ake cewa ya yi ƙiba, kilo bakwai me zai yi masa? Lissafin yana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin wannan sukarin na bakin ƙofa, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a kimanin shekara uku. Kashi 7 na kilo 98 shi ne kilo bakwai ɗin nan.

Abin da Yaya ya fara yi, ba tare da ya gaya wa kowa ba, shi ne sayen shayin rage tumbi a wajen wata mai talla a Facebook. Kwana huɗu ya yi yana zarya tsakanin shago da banɗakin kasuwa. Sikeli ya nuna ya sauke kilo biyu, ya yi murna, kafin mako ya zagayo sun dawo. Da yawa daga irin wannan shayin akwai filasko ko danginsa a ciki, aikinsu sa gudawa, abin da ke fita kuwa ruwa ne, kitsen yana nan inda yake. Ga mai shan maganin hawan jini, wannan wasa da rai ne. Sai bayan nan ya kira ni.

Abin da yake ci

Na roƙe shi abu ɗaya: kwana uku, duk abin da ya shiga bakinsa ya ɗauki hotonsa ya turo min ta WhatsApp. Ya ce, "Auta, ni fa ba na cin abinci da yawa, ki tambayi Antinki." Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin a gida sau ɗaya yake ci.

Da safe yana fita kafin a gama sallamar 'yan makaranta, sai ya tsaya wajen mai shayi: haɗin kauri, madara da sukari cokali huɗu, rabin burodi, wani lokacin da taliyar nan ta leda mai dahuwar minti uku da wainar ƙwai a kai. Wajen ƙarfe sha ɗaya baƙo ya zo daga Maraɗi ko Agadas, an aiki yaro ya sayo lemo, kuma ba ya yiwuwa a miƙa wa baƙo kwalba mai shago yana kallo. Da azahar farar shinkafa da taliya da mai da yaji, da wata kwalbar. Da la'asar mai fanke ko mai gurasa ya ratso layi. Da daddare tuwon semo malmala uku, miya ɗan kaɗan a gefe. Bayan isha'i a majalisa, wani shayin.

Na zauna na yi masa lissafin sukari kawai. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato ƙaramin cokali 13 ko kusa da haka. Biyu a rana, cokali 26. Shayi biyu, cokali 8. Jimla 34, ban sa na cikin madara da burodi da fanke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana, kimanin cokali 12 ga babba, in da hali ma a tsaya a 6. Da na tura masa lissafin bai ba ni amsa ba sai washegari, da kalma ɗaya: "To."

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hotunan nan shi ne, a kwana uku ban ga wake ba ko sau ɗaya, ban ga ganye ba in ban da kukar miya, ɗan itace kuwa sai yankan kankana guda. Wannan mutumin da muka tashi tare a cikin birni, ana ba mu kwaɗon rama da ɗanwake da dambun zogale.

Na leƙa siton gidan kuma na ga daga inda abin ya samo asali. Duk ƙarshen wata Yaya yakan shiga kasuwar Singa ya yo lodi: katan na taliya iri biyu, buhun semo, buhun shinkafa, sukari, madara, katan na lemo, biskit na 'yan makaranta, ledar dunƙule. A wajensa wannan shi ne cikar maigida, kuma ba na ganin laifinsa, domin ya san lokacin da gidanmu ba a iya sayen ko ɗaya daga ciki.

Masana abinci suna da hanyar rarrabe waɗannan kayan. Wani farfesa a Jami'ar Sao Paulo ta Brazil, Carlos Monteiro, da abokan aikinsa sun kasa abinci gida huɗu gwargwadon yadda aka sarrafa shi, tsarin da ake kira NOVA. Gida na farko abin da ya fito daga gona ko garke ba a canza masa kama sosai ba: gero, wake, ƙwai, nono, nama, alayyafo. Na biyu kayan haɗi, irin su mai da gishiri da sukari. Na uku abin da aka yi da haɗa na farko da na biyu, kamar kifin gwangwani. Na huɗu kayan masana'anta da aka harhaɗa da sinadaran ɗanɗano da kala, irin su lemon kwalba, biskit da taliyar leda mai ɗan ƙullin sinadari a ciki. A wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2019, wani mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 na wata guda, mako biyu ana ba su abincin gida na huɗu, mako biyu na gida na farko, kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 500 a rana ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya. Mutum 20 ba su da yawa, amma abin da aka gani ya yi daidai da hotunan Yaya: abinci ne mai laushi, mai saurin wucewa, ciki ba ya sanar da kai ka ƙoshi sai ka zarce.

Abin da aka canza

Muka zauna mu uku a farkon Muharram. Ban rubuta masa jadawalin abinci ba, na san ba zai bi ba. Yarjejeniyar ita ce a canza abin da ke shigowa gidan da abin da ke zuwa shago.

Lemo ya fita gaba ɗaya daga bakinsa. Baƙo a saya masa, shi ya riƙe ruwa. Shayin safe ya koma gida, sukari cokali ɗaya, na majalisa kuma ba madara ba sukari, sai citta da kanumfari. Karin kumallo ya zama wake: alala, ko faten wake da alayyafo, ko dafaffen ƙwai biyu da kunun gero marar sukari. Abincin rana a kula daga gida, ranar da bai samu ba ya sayi garau-garau ya ce a rinjayar da wake, a rage mai, a cika salak. Sayayyar wata ta rabu biyu: sabulu da man girki da ɗan abin da ba a rasa ba daga Singa, hatsi da wake daga Dawanau, kayan miya da ganye daga 'Yankaba duk mako, kayan marmari wajen masu baro ko 'Yan Lemo in hanya ta bi da shi.

Rikicin farko a kan dawa aka yi shi. Ƙwayar hatsi kashi uku ce: dusar da ke bayanta, ɗan idon da ke tsirowa, da farin garin ciki. Harzar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ta kuma riƙe ciki, yawancinta a dusar take, tare da wasu sinadaran bitamin B da ƙarfen jini. Mu kuwa sai mu surfe, mu bakace, mu ba awaki dusar, mu ci farin. Don haka na ce a wanke dawar, a shanya, a kai niƙa ba surfe. Yaron da aka aika ya dawo da ita a kai, wai mai inji ya ce a tambayi Hajiya ko mantawa aka yi. Aka sake mayar da shi. Tuwon ya fito ja-ja, da ɗan kaushi a harshe. Babban ɗan Yaya ya ɗaga murfin kula ya ce, "Umma, gabza aka fara yi mana?" Daren nan uku daga cikin yaran da gari da sukari suka kwana.

Anti ce ta samo mafita, ba ni ba. Ta koma haɗa rabi surfaffe rabi marar surfe, bayan wata guda ta rage surfaffen zuwa kashi ɗaya cikin uku, ba wanda ya ce uffan. Haka ta yi da dunƙule. Da tana jefa shida a tukunyar miya, ta riƙa cire ɗaya duk mako biyu har ta tsaya a biyu, ta cike gurbin da daddawa da busasshen kifi da tafarnuwa da masoro. Kusan rabin dunƙule gishiri ne, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na gishiri ga babba bai kai giram 5 a rana ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a burodi da yajin tsire. Harshe yana sabawa in an bi shi a sannu. Ranar da suka je biki aka zuba musu jalof, Yaya da kansa ya ce gishiri ya yi yawa.

Wata na farko ya sauka zuwa 95. Ƙarshen wata na uku, 91. Kilo bakwai ɗin likita sun cika, sukari ya dawo 5.8, hawan jini 138 bisa 88, yana kan maganinsa. A ganina rabin wannan nasarar ta lemo da shayi ce kaɗai. Dole kuma in faɗi cewa a wata na biyu ya fara tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba shi da wani maƙwabcinsa, don haka ba zan iya rantsuwa cewa abinci ne kaɗai ya yi aikin ba.

Inda abin ya tsaya cak

Daga wata na uku zuwa na biyar sikeli bai motsa ba. 91, 91, 91.5. Yaya ya fara cewa jikinsa ne haka, gadon gidanmu ne. Na ce ya sake turo hotuna.

Nan na ga kuskurena. Na cika masa kunne da cewa abincinmu na gargajiya lafiya ne, shi kuma ya ɗauka duk abin da ba daga kamfani ya fito ba halal ne a ci iya ci. Gurbin lemo ya koma fura da nono, kofi babba, mai furar tana zuba sukari ludayi guda. Wata rana zoɓo, wata rana kunun aya, duka da zaƙinsu. A aljihun tebur ɗin shago akwai ledar soyayyar gyaɗa da yake tsinta tun safe har yamma, ga dabino a gefe, wai sunna ce. Sunna ce, amma ba ashirin a zama ɗaya ba. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, babban cokali ɗaya na man gyaɗa kuma kusan 120. Tuwon dare ya tashi daga semo ya koma dawa, amma malmala ukun suna nan daram. Garin da aka niƙa ya yi laushi aka tuƙa, ko da dusarsa, sitaci ne, jiki zai mayar da shi sukari.

Gyaran da muka yi a nan ya fi na farko wuya, domin ya taɓa yadda Bahaushe ya san cin tuwo. Mu a wajenmu tuwo ne abinci, miya rakiya take yi. Muka juya abin: malmala ɗaya da rabi, miya kwano guda, mai kauri da ganye, taushe da kabewa da alayyafo, ko ɗanyar kuɓewa, ko zogale, da kifi ko nama yanka biyu. Kafin tuwon a fara da kwaɗo ko yalo da gurji. Fura sau biyu a mako, a dama a gida da kindirmo, ba sukari. Gyaɗa cikin tafi ɗaya, a ƙulla masa daga gida. Lemon zaƙi a sha shi da totuwarsa maimakon a matse ruwan, gwaba da gwanda in lokacinsu ne. Ma'aunin da ake so na ganye da 'ya'yan itace giram 400 ne a rana, kuma sai a lokacin ya fara kusantarsa.

Makon farko ya ce yana kwana da yunwa. Na biyu ya daina faɗa. Kafin Sha'aban ya ƙare yana 87, ƙugu 101, sukari 5.4.

Akwai wani gefen da takardar asibiti ba ta nunawa. Hajiyarmu da ta gan shi ranar wata Juma'a, riga tana yi masa yawa a kafaɗa, ta ja ni ɗaki ta ce in gaya mata gaskiya, wace cuta ake ɓoye mata? Da na yi mata bayani sai ta juya kan Anti, wai an bar mata ɗa da yunwa. Kwana biyu bayan nan ta aiko da kwanon alkaki da man shanu. A kasuwa kuma wani abokinsa ya dafa shi ya ce, "Alhaji, in bashi ne ka faɗa mana, a san yadda za a yi." A Kwari tumbi jari ne, wanda ya rame ana duban shagonsa kafin a dubi fuskarsa. Yaya ya ce wannan maganar ta fi yunwar ci masa rai.

Sai kuma wahalar, wadda kusan dukkanta a kan Anti ta sauka. Malamar firamare ce, sai ƙarfe biyu take dawowa. Taliya minti goma ce, wake kuwa sai an tsince, an jiƙa, an dafa fiye da awa guda, ga tsadar gas. Dawa sai an wanke an shanya an tsare ta daga kaji, an kai inji, in babu wuta a jira ko a biya kuɗin mai injin dizal. Garin da ba a surfa ba kuma ba ya daɗewa, saboda man da ke cikin idon ƙwayar yana sa shi ɗaci, don haka niƙan mako-mako ake yi. Zogale sai an zage, an dafa, an tace. Ta fuskar kuɗi abin ya kusan yin kunnen doki: abin da aka daina kashewa a lemo da biskit da mai shayi ya tafi a kifi da ƙwai da kayan marmari. Ta fuskar lokaci kuwa asara ce tsagwaronta, kuma ba Yaya ne ke biya ba. Wata rana a wata na shida ta kira ni ta ce, "Auta, ni fa na gaji. Yayanki yana ramewa ana yaba masa, ni ina ramewa ba wanda ya gani." Na rasa abin cewa. Abin da ya biyo baya shi ne Yaya ya sayi tukunyar nan mai tururi da ke dafa wake cikin rabin lokaci, aka ɗora wa manyan yaran biyu tsintar wake da kai niƙa ranar Asabar, aka kuma amince ranar Laraba da Lahadi a dafa duk abin da ya sauwaƙa, ko da taliya ce.

Wannan sassaucin bai ɓata komai ba. Ni ma ban taɓa cewa duk abin da ya bi ta masana'anta guba ba ne. Gishirin leda ana sa masa sinadarin aidin mai hana maƙoƙo, fulawa da man girki da sukari a Najeriya doka ta sa a ƙara musu bitamin A tun farkon shekarun 2000, sannan gyaɗa ko masarar da aka ajiye a danshi ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, duk da daga gona ta fito kai tsaye. Shi ya sa na ce wa Anti duk ƙwayar da ta canza kala ko ta yi ɗaci a zubar, kada a yi mata kara.

Azumi ya zo, likita ya daidaita masa lokacin shan magani. Goman farko ya riƙe: dabino uku, ruwa, kunun tsamiya marar sukari, ƙosai huɗu, sai bayan tarawihi ya ci abinci. Goman tsakiya aka fara kiransa shan ruwa gidajen abokai, inda faranti ke zuwa da soyayyen dankali da doya da ƙwai da samosa, ga lemo mai sanyi bayan wunin zafin Kano. Ya gaya min da bakinsa cewa ya sha, ba sau ɗaya ba. Sallah ta kawo cincin da dubulan da nakiya, Hajiya kuma ta zauna kusa da shi ta tabbatar ya ci.

Mako biyu bayan Sallah na je Ɗorayi da na'urar awo a jaka. Kilo 89, ƙugu 103, hawan jini 134 bisa 86, sukari 5.7. Ya dubi sikelin ya ce ƙila batirinsa ne ya yi sanyi. A tsakar gida akwai dawa kwano huɗu a shanye a kan tabarma, ƙaramar 'yarsa tana zaune da kara tana korar kaji, a bayan ƙofar sito kuma na hango rabin katan na lemon da ya rage na baƙin Sallah. Anti ta ce ita ba za ta taɓa shi ba, wanda ya sayo shi ya san yadda zai yi da shi. Ranar ganin likita saura kwana goma sha biyu.